ƘIRJIN ARO

Shafi na 19

Masu turo min saƙo tun da sassafe wai na bar ku a rataye, ku yi min afuwa, ni ma ina da tukunya a kan wuta. Wanda yau ya fara shigowa ya samu wuri ya zauna, ba zai ɓace a hanya ba.

*

Yau kwana tara ke nan ana ɗaura wa Mama Wanki jaririyar gado na huɗu a ƙirji.

Shekara ashirin da biyu tana wankin ɗakin bakwaini a asibitin nan. Zannuwan gado, tawul, 'yan hulunan da ba su kai tafin hannu ba, duk ta hannunta suke bi. A tsawon shekarun nan ko yatsan jariri ba a taɓa cewa ta taɓa ba, ita ma ba ta taɓa roƙa ba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Sai ran nan Sista Babba, mai kula da ɗakin, ta tare ta a bakin ƙofa da kwandon wanki a ka, ta ce ta sauke, ta wanke hannu har gwiwar hannu, ta zo ta zauna. Uwar yarinyar tana kwance a sama ba ta iya saukowa. Uban direban babbar mota ne, hanya ta riƙe shi. Yarinya kuwa tana bukatar ɗumin jikin mutum. Iyakar abin da aka gaya mata ke nan, ita kuma ba ta tambayi ƙari ba.

Yau wajen sha ɗaya da rabi tana zaune a kujerar roba kusa da kwalbar da ake saka yarinyar, ta buɗe gaban riga, an kwantar mata da 'yar mitsitsiyar fata da fata, an zagaye su da zani. Daga yarinyar sai hula da 'yar robar da aka zura mata ta hanci.

"'Yar Huɗu," ta ce a hankali, don sunan da ta laƙa mata ke nan. "Ke dai kin ji daɗinki. Tsotso ma ba ki iya ba. Ba ki taɓa ce wa kowa sannu ba, ga mutum biyar suna ta kaiwa da kawowa a kanki kamar matar gwamna."

Sista Babba tana gefe tana zuƙo nono a sirinji. Ta yi murmushi.

"Ai haka Ubangiji yake fama da mu, Mama."

"Da mu?"

"To me muka iya? Ya ba mu, mu zubar, ya sake ba mu."

"Kin faɗi gaskiya."

"Ba haka ake karanta mana a coci ba? Shi kansa da zai zo duniya ai haka ya zo, jariri. Sai da wata ta ɗaure shi a ƙirji."

Mama Wanki ta yi 'yar dariya, ta dafe bayan yarinyar kada ta girgiza.

"Mai sama da ƙasa, a ce sai an canza masa tsumma. Ko wa ta yi masa wankin?"

"Wata irinki."

Sai ta ji ƙirjin yarinyar ya tsaya. Ta riga ta saba, bakwaini kan manta da numfashi kamar yadda tsoho ke manta inda ya ajiye makulli. Ta ja iska mai yawa, ƙirjinta ya tashi da yarinyar, ya sauko da ita. Ta sake. A na uku 'Yar Huɗu ta yi wata 'yar shessheƙa ta ci gaba.

"Kin gani?" in ji Sista. "Ba ta san ke kika tuna mata ba. Gani take ita ta yi abinta."

Hankalin Mama Wanki ya riga ya tafi. Ƙamshin kan yarinyar ne ya ɗauke shi. Kwana tara ƙamshin nan yana kai ta inda ba ta son zuwa, wajen Tilo, 'yarta ɗaya tal a duniya, wadda yau shekara bakwai ba ta sa ta a ido ba. Kewar yarinyar nan ta cinye ta. Har gobe lambar wayar Tilo da ta daina shiga tana nan a wayarta, kuma duk Lahadi in ta dawo daga sujada sai ta kira, ta ji an ce a kashe take, sannan ta ɗora girki.

Ƙofa ta buɗe. Sabon Likita ne, saurayi dogo, kwanansa uku da fara aiki a ɗakin, yana tafe yana duba fayil. Ya tsaya a gado na huɗu. Ya dubi zanin, ya dubi koren kayan aikin wanki da ke jikinta, ya dubi hannayenta da sabulu ya cinye.

"Sista, wace ce wannan?"

"Mai wankinmu ce."

"Mai wanki?"

"E."

"Mai wanki ce take riƙe da jaririyar da ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba?"

Kunya ta rufe Mama Wanki. Ta fara laluben bakin zanin.

"Yi haƙuri, Likita. Cewa aka yi in taimaka. Na wanke hannuna, wallahi har sau biyu."

"Ba da ke nake ba, Mama." Ya nuna takardar da ke manne a bango. "Sista, karanta min wancan."

"Na san abin da ke ciki."

"Uwa, ko uba, ko wanda ya haɗa jini da jariri. Ban da su ba mai ɗora bakwaini a ƙirji. An ce min ma ke kika rubuta."

"Ni na rubuta."

"To?"

Sista Babba ta ajiye sirinjin a faranti. Ba ta kalli Mama Wanki ba.

"Ban karya doka ba, Likita."

"Kamar yaya?"

"Mama, kada ki kwance zanin nan. Likita, mu je waje in yi maka bayani."

Amma ina. Yaro ne mai son ya ga komai a rubuce. Ya riga ya fara buɗe fayil ɗin, shafi ɗaya, biyu, uku. Ya tsaya a wata 'yar takarda da aka maƙala da ƙusa, ya karanta, fuskarsa ta saki.

"Au. To ai sai ki ce min kakarta ce." Ya juyo da ladabi. "Ki gafarce ni, Mama, ban san jikarki ba ce. Ga shi uwar ta sa hannu da kanta. Allah ya raya."

Ya wuce gado na biyar abinsa, bai san abin da ya fasa ba.

Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar na'urori. Mama Wanki tana zaune yadda take, hannu ɗaya a bayan yarinyar. Ta ji maganar sarai, kanta ne ya ƙi ɗauka.

"Sista."

"Na'am, Mama."

"Me yaron nan ya ce?"

Sista ta kau da kai.

"Ni 'ya ɗaya na haifa."

"Na sani."

"To jikar wa?"

Sista ta jawo kujera ta zauna a gabanta, gwiwa da gwiwa.

"Yi numfashi a hankali. Tana jin bugun zuciyarki."

"Kada ki koya min numfashi. Wa ke kwance a sama?"

"Tilo ce."

Ku da kuka yi ta zagin Mama Wanki a ƙarƙashin shafin jiya, ku dakata ku ji abin da ya raba su, don ni ban ga wanda zai ɗaga yatsa a cikinmu ba.

Tilo ita ke jan waƙa a cocinsu. Uwar ta raine ta ita kaɗai tun rasuwar uban, da kuɗin wankin nan. Duk wadda za ta yi wa 'yarta faɗa a unguwa sai ta ce, ba kya ganin Tilo? Tana shekara ashirin da ɗaya ciki ya bayyana, babu aure. Dattawan coci suka ce za ta tsaya gaban jama'a ranar Lahadi ta nemi gafara. Fasto, mutumin kirki, ya ga yarinyar tana rawar jiki ita kaɗai a gaba, sai ya ce, in akwai wani nata a nan, ya taso ya tsaya kusa da ita.

Tilo ta waigo. Benci na uku, inda uwarta ke zama kullum.

Mama Wanki ta sunkuyar da kai tana kallon takalminta. Ta ji idon matan coci a wuyanta, ta ji kunya, ta ji haushi, ta ce a ranta bari ta ɗanɗana. Ba ta tashi ba. Kwana uku bayan nan ta dawo daga aiki ta tarar da ɗaki babu kowa. Daga baya labari ya zo cewa cikin ma ya zube a wani gari, wajen mutanen da ba su san ta ba.

"Tun yaushe kika sani?" in ji Mama Wanki.

"Wata huɗu. Nan ta zo awon ciki."

"Nan?"

"Da gangan. Akwai asibiti kusa da gidansu, ta tsallake shi. Tana shigowa na gane ta. Yarinyar da ta yi wayo a ƙarƙashin igiyoyin shanyarki, zan kasa gane ta?"

"Wata huɗu, Sista. Muna gaisawa da ke kullum."

"Ta sa na yi mata alkawari."

"Tana shigowa ta ƙofar da nake shigowa?"

"Tana zuwa da wuri, ta hau sama. Tagar ɗakin jiran masu awo tana kallon wurin shanya. Nan take zama. Sai a kira lambarta ta ce a fara ganin wadda ke bayanta, ita ba ta sauri."

Mama Wanki ta rufe ido. Hawaye suka gangaro, ta yi saurin tare su da kafaɗa kada su ɗiga a hular yarinyar.

"Me take kallo?"

"Ke. Ran nan ta ce min, Sista, Mama ta fara ɗingishi, wa ke shafa mata magani a gwiwa?"

"Wayyo Tilo."

"Ta yi aure shekara biyu da suka wuce. Direban mutumin arziki ne, na yi magana da shi a waya, yana hanya. Haihuwar ce ta zo da wuri, aka yi mata aiki. Da ta farfaɗo na gaya mata yarinya na bukatar ƙirji, na ce wa kike da shi? Ta daɗe tana kallon silin. Sannan ta ce a ba ta biro."

"Bayan abin da na yi mata?"

"Haka na tambaye ta."

"Ta ce me?"

"Ta ce, Sista, kafin ranar nan shekara ashirin da ɗaya ta yi tana riƙe da ni. Na san ƙirjin. Ban taɓa jin sanyi a kansa ba."

Kukan ya ƙwace mata, amma ba ta da damar sakinsa, sai ta cije leɓe. 'Yar Huɗu ta motsa, ta buɗe ɗan hannunta a kan fatar kakarta, ta koma barci.

Ta leƙa cikin zanin ta dubi fuskar da ta yi kwana tara tana kallo. Ga goshin nan. Ga ɗan lotsawar haɓa irin ta marigayi. Ina idonta ya tafi?

"Sista, kin san abin da ke ci na?"

"Faɗi."

"Shekara ashirin da biyu ina wanke kashin 'ya'yan mutane. Ban taɓa toshe hanci ba. Jariri in ya ɓata jikinsa ba a cewa ya je ya wanke tukuna sannan a ɗauke shi. Ɗaukarsa ake yi da ƙazantar. Na san wannan, aikina ne. Amma tawa ta ɓata jikinta sau ɗaya, ta miƙo hannu, na ƙyamace ta."

"Mama..."

"Bar ni in faɗa. Kullum ina durƙusawa ina cewa Ubanmu, Ubanmu. Da haka yake yi mana, da wa zai rage? Ni sau nawa na waiga ban same shi ba? Ko sau ɗaya. Ni ce dai na zauna."

"Shi Uban namu, shi ya tashi ya tsaya kusa da ita ranar. Shi ya kawo ta tagar nan."

Mama Wanki ta share fuska.

"Kwance min zanin. Zan hau."

Sista ba ta motsa ba.

"Akwai saura, ko?"

"Ta ce ki riƙe mata yarinya, amma kada ki hau. Ta ce ba ta shirya haɗa ido da ke ba."

Maganar ta soke ta, amma ta gyaɗa kai. Ta cancanci fiye da haka.

"To zan jira. Na yi shekara bakwai, kwana nawa ne ba zan iya ba? Ki ce mata ina nan. Duk ranar da ta shirya."

Sista ta ɗaga kai ta dubi agogon bango. Dubawar ta yi tsawo.

"Me ya faru?"

"Wurin aikin ne ya ƙi warkewa. Zazzaɓi ya ƙi sauka tun shekaranjiya. Za a sake shiga da ita tiyata."

"Yaushe?"

"Sha biyu."

Agogo ya nuna saura minti bakwai.

"Da ba za ki gaya min ba?"

"Cewa ta yi, in na fito lafiya kada ki gaya mata komai, ni zan sauko da ƙafata. In ban fito ba, ki gaya mata wace ce a ƙirjinta."

"In ba ta fito ba."

"Likitocin sun ƙware, Mama. Muna addu'a."

"Sista, dube ni. Aikin mai sauƙi ne?"

Sista ta sunkuyar da kai.

Mama Wanki ta dubi ƙofa, ta dubi yarinyar. Doka ce, in an ɗora bakwaini ba a sauke shi sai ya yi awa guda cur, saukewa da wuri na sa jikinsa ya yi sanyi. Ko rabin awa ba su cika ba. Tilo ta roƙe ta abu biyu kacal, ta riƙe, kuma kada ta hau. Ga shi za ta saɓa duka biyun. Amma akwai kalmar neman gafara da ta yi shekara bakwai tana maimaitawa a bakin famfo, a bakin igiya, a benci na uku, ba ta samu kunnen da za ta zuba ta ba. In ƙofar tiyata ta rufe, wa ya san ko za ta samu?

"Karɓe ta."

"Mama, ta ce..."

"Na ji abin da ta ce. Karɓe ta, minti biyar."

Sista ta kwance zanin. Ana ɗaga 'Yar Huɗu daga fatar kakarta ta saki wani ɗan siririn kuka kamar na kyanwa. Mama Wanki ta ji shi har cikin hanjinta, ta juya baya.

Ta fita tana haɗa maɓallan riga a karkace. Takalmi ɗaya ya zame a matakala, ta bar shi. Gwiwar da ke ciwo ta manta da ita. Ta hau bene, ta faɗa ɗakin masu jego, gado na kusa da taga babu kowa, sai filo da kofin roba.

"Yanzu aka fita da ita," in ji wata mai jego tana nuna hagu.

Doguwar baranda ce, ƙofar tiyata mai ganye biyu tana can ƙarshe. Ma'aikata biyu suna tura gado, ledar ruwa tana lilo a sama.

"Ku tsaya."

Ba su ji ba.

"Tilo."

Gadon ya tsaya. Wadda ke kwance a kai ce ta ɗaga hannu.

Mama Wanki ta ƙaraso tana haki, ta kama ƙarfen gadon. Fuskar ta rame, leɓɓa sun bushe, an rufe gashin da hular leda. Amma idanun su ne, waɗanda suka waigo benci na uku. Suka tsaya a kanta. Ba fushi a cikinsu, gajiya ce kawai da wata irin kewa da ta fi fushin ciwo.

"Mama."

"Na'am. Na'am, 'yata. Ga ni."

"Kin tsufa."

"Na tsufa."

Tilo ta lalubo hannun uwarta, ta ja shi zuwa fuskarta, ta shaƙa. Hannunta zafi rau.

"Ƙamshinta ne."

"Nata ne. Ta ƙara nauyi. Jiya har ta buɗe ido. Goshinki ne da ita."

"Mama, lokaci," in ji ɗaya daga cikin masu turawar. "Likita na jira."

"Yanzu, ɗana. Kalma ɗaya." Ta sunkuyo. "Tilo, ranar nan... ranar nan a coci..."

Sai idon Tilo ya sauka a kan rigar uwarta, maɓallan a karkace, ƙirjin babu kowa. Fuskarta ta canza.

"Wa ke riƙe da ita?"

"Tana kwalba. Sista na wurin. Minti biyar kawai na..."

"Kin sauke ta?"

"Na zo ne in ce miki..."

"Tana kuka?"

Mama Wanki ta kasa yin ƙarya.

Tilo ta saki hannun. Hawaye ya gangara ta gefen idonta ya shige hular leda.

"Koma, Mama. Don Allah koma. Ba ta san kin zo wurina ba. Ita dai ta san ta nema ba ta samu ba."

"Tilo, ki ya..."

Gadon ya motsa. Ganyayen ƙofar suka buɗe, suka haɗiye shi, suka dawo suka rufe a fuskarta.